Neman shawara kan jiragen arha kafin tafiyar Paris

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so in kai iyalina Paris daga nan Manchester a hutun Disamba domin mu ziyarci ƙanena, kuma na ga tikitin da bai kai fam 30 ba. Sai dai bidiyoyin zolayar da ake yi wa jiragen arha a TikTok da Facebook sun sa jikina ya yi sanyi, musamman wanda ake nuna fasinja ya biya kuɗin kujerar taga ya tarar da bango, da masu cewa har banɗaki sai an biya. Shin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma wane kamfani ya fi dacewa da mai yara biyu?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Maganar banɗaki tana da tushe, domin a 2009 shugaban kamfanin jiragen arha na Ryanair, Michael O'Leary, ya faɗa a hirarsa da BBC cewa suna duba yiwuwar karɓar fam ɗaya daga mai shiga, daga baya kuma ya kawo zancen fasinjoji su yi tafiya a tsaye. Babu ko ɗaya da aka aiwatar. Kujerar da ba ta da taga kuwa gaskiya ce, har kamfanin da kansa yana tsokanar fasinjojinsa da ita a shafukansa.

Maman Ilham: Baban Khalifa, ka saurare ni da kyau, domin ni ma dariya nake yi wa bidiyoyin nan kafin abin ya faɗo kaina. Bara na bi wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba, ni da 'yata. Mun riga mun shiga layi a ƙofar jirgi sai ma'aikaciya ta nuna akwatina ta ce in saka shi a cikin ƙarfen nan da suke gwada girman kaya da shi. Jikin akwatin ya shige, tayoyin ne kawai suka tsaya a waje, amma ta ce dole in biya, kuma abin da na biya a wurin ya fi kuɗin tikitina. Na durƙusa a gaban jama'a ina ciro kilishi da atamfar da zan kai wa yayata ko zai lotsa, 'yata tana kuka, mutanen baya suna ƙorafi. Da muka shiga, sai na tarar an raba mana kujeru saboda ban biya kuɗin zaɓen wuri ba, sai da wata dattijuwa ta tausaya ta musanya da ni. Ruwan sha ma saye na yi. Tun daga ranar, kafin in sayi tikiti sai na ɗauko abin awo na auna jakata har da tayoyi da mariƙi, sannan in haɗa kuɗin kaya da na kujera da na motar shiga gari, in kwatanta da farashin manyan kamfanoni. Sau da yawa bambancin ba ya taka kara ya karya.

Hajiya Babba: Allah ya ƙara haƙuri, ƙanwata. Dama Hausawa sun ce arha ba ta ado.

Ɗan Zazzau: Hajiya, da girmamawa, ban yarda da wannan ba. Ɗalibai irinmu ba don jiragen nan ba da ba mu taɓa zuwa ganin 'yan uwanmu a Jamus ko Italiya ba, kuma wani ɓangare na barkwancin nan raini ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Ƙa'idojin a rubuce suke, wanda ya karanta ba ya shan wahala.

Hajiya Babba: Ɗana, idan rubuta ƙa'ida ya wadatar, me ya sa gwamnatin Sifaniya ta ci tarar kamfanoni biyar yuro miliyan 179 a Nuwamban 2024, har da Ryanair da easyJet da Vueling, kan cajin jakar hannu da kujerun masu tafiya da yara? Mutane suna zolaya ne saboda ba su da inda za su kai kuka.

Ɗan Zazzau: Kamfanonin ba su amince da tarar ba, Hajiya.

Injiniya: Wurin kai kuka yana nan, rashin sani ne ya fi yawa. Idan jirgi ya isa da jinkirin awa uku ko fiye, kuma laifin kamfanin ne, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta ba fasinja diyyar yuro 250 a gajeriyar tafiya irin wannan, Birtaniya kuma tana da tata ta fam 220. Arhar tikiti ba ta rage wannan haƙƙi. Amma Baban Khalifa, abin da ya fi damuna shi ne filin saukar. Idan tikitinka ya ce Beauvais, ka sani tsakaninsa da Paris kimanin kilomita 85 ne, za ku ƙara fiye da awa ɗaya a bas cikin sanyin Disamba, kuma sai kun biya kuɗin bas ɗin. Ka duba easyJet ko Air France da ke sauka a filin jirgin Charles de Gaulle, inda jirgin ƙasa zai kai ku cikin gari.

Malamar Leeds: Kada ka manta ka yi rajistar shiga jirgi ta intanet tun daga gida, domin wasu kamfanonin suna cajin mai yin ta a filin jirgi. Tunda kuma fasfon Najeriya ne a hannunku, ku isa da wuri a duba muku bizar Schengen, wato izinin shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, kafin ku wuce wurin bincike.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake dubawa yanzu, Beauvais ɗin ne kuwa. Maman Ilham, keken turin yaro fa, shi ma suna gwada shi a cikin ƙarfen ne, ko ana karɓarsa a ƙofar jirgi?