Yaushe kuskuren likita ke zama sakaci a gaban kotu?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Tambayata ga lauyoyi da ma'aikatan lafiya na zauren nan ce. An yi wa mace tiyatar haihuwa, wata biyu ciwon ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da aka sake buɗe ta aka tarar an manta audugar tsane jini a ciki. Asibitin suka ce ƙaddara ce. A doka wannan sakaci ne? Me ake tanada kafin a shiga kotu?

Barista: Wa alaikumus salam, Malam. Kotu ba ta kama likita don kawai aiki ya ɓaci. Tambayarta ita ce: ya yi abin da likita mai matsakaiciyar ƙwarewa a fanninsa zai yi a wannan hali? Ma'aunin ya fito daga shari'ar Bolam a Ingila, 1957, kuma kotunan Najeriya suna aiki da shi.

Nuna cewa likita na da alhakin kula da ita ba wuya, tunda ya karɓe ta. Inda ƙararraki ke faɗuwa shi ne nuna cewa gazawarsa ce ta jawo cutar. A shari'ar Barnett, wani maigadi a Landan ya sha shayi mai guba, ya je asibiti, likita ya ƙi fitowa ya duba shi, ya mutu. Kotu ta yarda likita ya gaza, amma ta hana diyya, don ko an duba shi magani ba zai riske shi ba.

Audugar da aka manta tana da ƙarfi, domin akwai ƙa'idar da ke cewa wani abin shi ke ba da shaidar kansa, sai asibiti ya yi bayani. Amma kada ku dogara da ita kaɗai. A shari'ar Ojo da Gharoro, 2006, allura ta karye a cikin wata mata, likitoci suka bayyana yadda hakan ke faruwa ba da sakaci ba, ba a kawo shaidar da ta rushe bayaninsu ba, Kotun Ƙoli ta kori ƙarar. Ku nemo likitan mata da zai tsaya ya ba da shaida.

Nas ɗin tiyata: Barista ya yi daidai, amma allura daban, auduga daban. Auduga ƙirga ta ake yi. Mutum biyu ke ƙirgawa da murya, a rubuta: kafin a tsaga, kafin a rufe mahaifa, kafin a rufe ciki, sannan lokacin ɗinkin fata. In an buɗe ashirin aka samu sha tara, ba a rufewa sai an gano ɗayar, ko a ɗauki hoton X-ray, shi ya sa ake saƙa mata zaren da ke fitowa a hoton. Yawanci matsalar na zuwa ne in jini ya ɓalle aka yi ta ƙaro auduga ba a rubutawa, ko aka canza ma'aikata ana tsakar aiki.

Ku rubuta takarda ku nemi kwafin fayil ɗinta, musamman takardar ƙirga da bayanan tiyatar biyu. In babu takardar ƙirga ma, wannan kansa hujja ce.

Almajirin fiƙihu: Allah ya ba ta lafiya. Cewa ƙaddara ce ba ya sauke lamuni. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora lamuni kan wanda ya yi magani ba a san shi da ilimin ba. Ƙwararre kuma in ya yi kuskure, malamai sun sa shi a babin kuskure: diyya ce, ba ƙisasi ba. A Malikiyya, in ta kai sulusin cikakkiyar diyya dangi ke ɗauka, in ta gaza haka daga aljihunsa.

Barista: Na gode, Malam. Saura batun lokaci, kuma shi ya fi damuna. In asibitin gwamnati ne, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara, lauyan asibiti kuma da ita zai fara. Akwai togaciya ga cutar da ke ci gaba, amma kada ku jingina da ita. Asibitin kuɗi kuwa wa'adinsa ya danganta da dokar jiha.

Ƙorafi ga hukumar likitoci, MDCN, ana kai shi da takardar rantsuwa. Tana iya gargaɗi, dakatarwa ko soke sunan likita, amma ba ta biyan ko sisi. Kuɗin tiyata ta biyu, magani da wahalar da ta sha, Babbar Kotu ce ke yanke su, don haka ku adana kowane rasit, ku ga lauya cikin makon nan.