Ƙarin garantin tarakta: mu biya ko mu riƙe kuɗinmu?

Ma'aji: Salamu alaikum 'yan ƙungiya. Na dawo daga Kano wajen dilan taraktar da muka haɗa kuɗi za mu saya, mai ƙarfin doki 75. Garantin kamfani shekara 2 ne ko awa 2,000, duk wanda ya riga cika. Ya ce in mun ƙara miliyan biyu da rabi zai kai mana shi shekara 4 ko awa 4,000. Ni dai ra'ayina a biya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, kuma kayan injin nan duk daga waje suke zuwa. Wa ya san kuɗin famfon injekta, mai tura mai cikin inji, nan da shekara uku?

Makanike: Wa alaikumus salam. Yaya Ma'aji, ka karanta bayan takardar kuwa? Kuloci ba ya ciki, taya ba ta ciki, haka batir da bel da filta. To me ke mutuwa a tarakta a ƙasar Daura in ba waɗannan ba? Ƙasar jigawa ce, rairayi ne, ƙura ce. Injekta ɗin da kake tsoro ma, da zarar sun buɗe sun ga ɗigon ruwa a cikin gas, za su ce laifin mai ne. Mu da ke shan gas na jarka a hanyar Mai'adua.

Ma'aji: Giya fa? Hadirolik fa? In giyabos ya fashe kai za ka biya?

Makanike: Wannan kam yana ciki, ban musa ba. Amma sabon ƙarfe in da aibin ƙira, a daminar farko yake nuna kansa, lokacin garantin kyauta na nan.

Alhaji mai gonar Daberam: Ku bar ni in faɗi abin da ya same ni. Tawa tana cikin garanti, ranar da aka yi ruwan shuka hannun da ke ɗaga garma ya ƙi tashi. Na kira, aka ce injiniya na Kaduna, gobe. Goben nan ta zama kwana goma sha ɗaya. Kullum da safe sai in tsaya in kalle ta ƙarƙashin dalbejiya, kaji na kwana a inuwarta, maƙwabta na huɗa da shanu suna wuce ni. Ga yaron nan makanike kusa, amma an ce in ya sa sifana garanti ya tashi. Sun gyara kyauta, gaskiya ne, ko sisi ban ba su ba. Gyaɗar bara kuwa ban ga rabinta ba.

Hajiya mai riɗi: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma da ba garantin ai da ka yi asara biyu.

Alhaji: Da ba shi, Hajiya, da washegari na aika Ƙofar Ruwa an sayo kayan, kwana biyu ta tashi.

Direba: Ranku ya daɗe, a ba ni dama. Kuna ta lissafin shekara, mita kuma awa take ƙirgawa. Wannan ta haya ce: haro da huɗa da damina, tirela da kaka, casa, jan taki da rani, ga fadamar Sabke. Awa 4,000 za ta iya cika tun shekara huɗun ba ta zo ba. Sannan duk awa 250 sai juye, da baƙin mansu da filtarsu, a buga hatimi a littafi. Ranar da aka tsallake ɗaya, shi ke nan.

Ma'aji: Ai wannan ma riba ce. Tsoron littafin zai sa ka riƙa juye a kan kari.

Direba: Kai Yaya, yaushe na taɓa tsallakewa?

Makanike: Kar ka sa in yi magana.

Malam: Akwai gefen da ba ku taɓo ba. Malamai da yawa sun bambanta: in an sa ƙarin a cikin cinikin tun farko, ya zama ɓangaren farashi, ba laifi. In kuwa daga baya aka saye shi shi kaɗai, ya yi kama da inshora, akwai garari a ciki, wato biyan kuɗi kan abin da ba a da tabbas za a samu. Duk abin da za ku yanke, ku yanke kafin a sa hannu.

Hajiya: To ni ga tawa. Kowa a nan ya yi adashe. A zuba miliyan biyu da rabin a asusu daban, duk hekta da aka yi wa haya a cire wani abu a ƙara. In ta lalace ga kuɗi, in ba ta lalace ba kuɗinmu ne.

Ma'aji: Hajiya, asusun da muka buɗe na taki ina yake? Biki biyu da rasuwa ɗaya suka cinye shi. Kuɗin da ke hannun dila ba mai zuwa rance.

Alhaji: Nan kam ka faɗi gaskiya mai ɗaci.

Shugaba: Ya isa haka. Ma'aji, ka koma ranar Litinin tare da makanike. A rubuta mana cikin kwana nawa injiniya zai iso Daura in an kira tsakanin Yuni da Agusta, kuma ko za su yarda yaronmu ya riƙa juye da kayansu hatimin ya hau. In sun rubuta, a kawo takardar taron Juma'a bayan la'asar.

Makanike: Baba, kuɗin motar fa?