Akwatin Baffa da hawayen Inna: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum jama'a. Baffana ya rasu kwana goma sha biyu da suka wuce a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, Allah ya jiƙansa. Tsohon soja ne. Yana saurayi ya shiga soja, aka yi yaƙin basasa da shi daga 1967 har 1970, ya dawo gida da tabon harsashi a cinya, ya kama noman gero har ƙarfi ya ƙare. Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sai ya goge lambobinsa ya zauna a ƙofar gida da rediyonsa.

Matsalar ita ce akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai kakinsa, lambobin yabo da hotuna. Inna tana takaba, kullum tana gefen akwatin tana kuka, ko fura da ƙyar take sha. Yayyenmu sun ce a sa shi cikin gado a raba, kowa ya ɗauki nasa. Ni kuwa ina ganin in aka watsa kayan nan, tarihin bawan Allah ya tafi ke nan, jikokinsa ba za su san ko shi wane ne ba.

Malamai, ya halatta magada su yarda a bar akwatin a hannun Inna? Kuma iyaye mata da suka taɓa takaba, wace magana ce ta sanyaya muku zuciya? Na ce mata ta yi haƙuri har bakina ya gaji.