Shin mallakar gida za ta gagari mazauna birane?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne nan da shekaru ashirin yawancin mazauna manyan birane za su ƙare rayuwarsu a gidan haya, mallaka kuma ta koma hannun kamfanoni. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya za su kasance a birane nan da 2050, alhali a 2018 kashi 55 ne. Masu neman muhalli suna ƙaruwa, fili kuwa ba ya ƙaruwa. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, kamfanin Blackstone ya sayi dubban gidajen da bankuna suka ƙwace a Amurka ya zuba musu 'yan haya, kuma ina ganin wannan hanya sauran masu jari za su bi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Ban yarda cewa duniya duka hanya ɗaya za ta bi ba. A Japan, ƙidayar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan 9 ba kowa a cikinsu, saboda jama'a na tsufa kuma haihuwa ta ragu. A Sin ma, gini ya wuce buƙata har kamfanin gine-gine na Evergrande ya kasa biyan bashinsa a 2021.

Malam Habu: Hajiya, da yawa daga cikin waɗannan kufai na Japan suna ƙauyuka ne da ƙananan garuruwan da matasa suka bari. A Tokiyo, inda aikin yake, farashi hawa yake yi.

Injiniya Musa: Ku ba ni dama in raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Tsadar lamuni abu ne mai zuwa ya wuce. A Amurka kuɗin ruwan lamunin gida na shekaru 30 bai kai kashi 3 ba a 2021, sai ga shi ya kusa kashi 8 a Oktoban 2023, har waɗanda suka samu rance mai sauƙi suka ƙi sayar da gidajensu, kasuwa ta tsaya cik. Wannan zai iya sauka. Abin da ya fi damuna shi ne inshora, domin a 2023 kamfanin inshora na State Farm ya daina karɓar sababbin masu gidaje a jihar Kalifoniya, yana kafa hujja da gobarar daji da tsadar sake gini. Banki ba ya ba da lamuni a kan gidan da ba shi da inshora, don haka mai ƙaramin ƙarfi ne zai fara fita daga kasuwa, mai tsabar kuɗi ya shiga. A nan na fi karkata ga Malam.

Hajiya Rabi: Ko da hakan ta faru, haya ba ƙasƙanci ba ce. Fiye da rabin mutanen Jamus a gidan haya suke, kuma doka ta hana mai gida korar ɗan haya ba tare da dalili ba. Hukuma ma tana iya taka wa masu jari birki, kamar yadda birnin Basalona na ƙasar Sifaniya ya sanar a 2024 cewa zai kawo ƙarshen lasisin hayar gidaje ga 'yan yawon buɗe ido nan da 2028.

Malam Habu: Gaskiya ne, Hajiya, amma a Jamus ɗin ce mutanen Balin, babban birnin ƙasar, suka kaɗa ƙuri'a a 2021, mafi rinjaye suka nemi a karɓe gidaje daga hannun manyan kamfanonin haya. Da dokar ta wadatar da su, da ba su kai ga haka ba, kuma ƙuri'ar ba ta tilasta wa gwamnatin birnin aiwatarwa ba.