Ciyar da shanu daga tsakiyar rani zuwa saukar damina: me kuka gwada?

Mai kiwon turke, Wudil:
Assalamu alaikum. Bana na ɗaure bijimai 4 a turke, kuma akwai shanu 2 Bunaji da ake tatsa a gida. Kara da harawar da na tara da kaka sun kusa ƙarewa tun watan Maris bai kama ba, ga dusa kullum ƙara tsada take yi. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a su faɗa mana abin da suka gwada da hannunsu, domin tsakanin yanzu da saukar ruwa ne dabba take zubewa.

Tsohon mai kiwo, Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar tsada bari in ba ka labarin gaggawar da ta kusa ja mini asara. Na taɓa sayo wani sa ramamme, wanda tun tasowarsa bai san komai ba sai ciyawar daji, kuma don ɗokin in ga ya yi ƙiba na cika masa bahon dusa da tsakin masara tun ranar farko. Da asuba na same shi tsaye ya sunkuyar da kai, ya daina tuƙa, cikinsa ya kumbura ta ɓangaren hagu, yana zawo mai warin tsami. Likitan dabbobi ya bayyana mini cewa akwai ƙananan halittu a tumbin saniya waɗanda su ne suke narkar da ciyawa, kuma idan hatsi ya yi yawa farat ɗaya sai tumbin ya yi tsami ya kashe su. Bijimin ya tashi, amma sai da ya yi wata guda kafin ya koma cin abinci sosai.

Tun daga nan, duk dabbar da na sayo ina fara ba ta maganin tsutsar ciki da na hanta, in bar ta a kan kara da harawa, sannan in riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan har mako 2. Da safe kara ne yake fara shiga cikinta kafin dusa. A nan wajenmu ana samun angurya da ƙulinta saboda auduga, kuma suna gina jiki fiye da dusa zalla, sai dai ba na ba maraƙin da bai fara tuƙa ba, domin tana cutar da shi. Kiwon turke kuwa, a ganina, idan ya wuce wata 3 zuwa 4 ribar ce take komawa cikin baho.

Mai tatsa, kusa da Zariya:
Baba ya yi gaskiya, amma saniyar tatsa lissafinta daban ne. Na daɗe ina zargin abinci duk lokacin da nono ya ragu, ashe ruwa ne, domin sau ɗaya a rana yaran suke shayar da su. Da na ajiye rabin duro cike da ruwa a inuwa, suna sha duk sanda suka ga dama, cikin kwanaki kaɗan na ga canji a ƙwarya. Harawar gyaɗa da ta wake kuma na daina raba su daidai wa daida. Wadda ake tatsa da mai tsohon ciki su ne suke samun kaso mafi tsoka.

Game da kara, malaman gona sun koya mana wata dabara, kuma wanda yake kusa zai iya neman ƙarin bayani a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika. Ana daddatsa kara kilo 100, a narkar da takin yuriya kilo 4 a ruwa kimanin lita 50, a yayyafa ana tattakewa a rami, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba har mako 3. Idan an buɗe ana baza shi ya sha iska kafin a ba su. Karan yakan yi laushi, ba sa barin gindinsa kamar da. Amma a kiyaye, kada dabba ta kusanci ruwan takin ko ta lashi takin kansa, domin yana kisa nan take. Haka kuma duk ƙuli ko dusar da ta yi funfuna ina zubarwa, saboda dafinta yana iya bi ta cikin nonon da 'ya'yanmu suke sha.

Makiyayi, Maraɗi:
Mu a nan gawo ne gatanmu, itacen da yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. 'Ya'yansa muke tsinta mu tara a buhu, mu haɗa da dusar gero, kuma ba ma raba dabba da gishiri ko kanwa, domin wadda ta rasa su za ka gan ta tana lasar ƙasa tana tauna ƙashi. Abin da nake jan kunnenka a kai, ɗan'uwa, shi ne ruwan farko. Gyauron dawa yakan tsiro kore shar, dabba mai yunwa ta afka masa, kuma yana da dafin da yake kayar da ita cikin ɗan lokaci. Ka ajiye ɗan kara na wannan lokacin, su ci kafin su fita.

Mahauci, Kano:
Ni abin da nake gani a mayanka zan ƙara. Sau da yawa mukan farka tumbin saniyar da aka ce ta ƙi ƙiba, mu ciro dunƙulen leda da igiya. Ku share wurin turke, ku daina barin su kiwo a bola.

Mai kiwon turke, Wudil:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan ware sauran harawar ga shanun tatsa, in gwada ramin yuriya da karan da ya rage. Hajiya, ko karan masara ma yana yi, ko sai na dawa?

Mai tatsa, kusa da Zariya:
Yana yi, har da bambaron shinkafa, muddin a bushe suke kuma an daddatsa su gajeru kafin a zuba ruwan.