Wace hanya ce ta fi sauƙin kaya wajen hawa bishiya a farautar sirdi?

Sabon Maharbi:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu farautar barewa da sirdin bishiya, wato ɗamarar da maharbi ke zama a ciki yana rataye da igiya a saman bishiya, a nan Amurka shawararku nake nema. A Mishigan nake, dajin gwamnati nake shiga, ga shi lokacin farauta da baka zai buɗe 1 ga Oktoba. Sirdin na saya, da ɗan dandamalin da ake tsayawa a kai, wannan duk ba matsala. Matsalata hawan ne. Sandunan hawa huɗu gare ni, masu matakai da ake ɗaurawa a jikin bishiya, irin dogayen nan na da, ko wacce ta haura kilo 1, in ka haɗa da baka da jaka da kayan sanyi wallahi kafin in kai inda nake so na jiƙe sharkaf da gumi, da na zauna kuma sanyi ya dinga shiga ta, ga sandunan da ƙara, ɗan reshe kaɗan in ya taɓa su sai ka ji ƙwal, duk wata barewa da ke kusa ta san ka iso.

Na ga wasu na hawa da sanda ɗaya tak sannan su silalo da igiya, wasu kuma ba sanda sam igiya zalla. Wanne ya fi ga mutum irina da bai daɗe da farawa ba? Ƙafa 18 zuwa 20 nake so in riƙa kaiwa. Kuma waɗannan matakan da ake murɗawa cikin jikin bishiya fa, na ga ba su da nauyi ko kaɗan?

Kawu Mai Baka:

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ce za ta iya ja maka tara. Matakan murɗawa ka manta da su, a dajin gwamnati na Mishigan doka ta hana duk abin da zai huda ɓawon bishiya don hawa, kuma jihohi da yawa haka dokarsu take, har da ƙarafan nan masu tsini da ake ɗaurawa a ƙafa. In gonar wani ce kuma ya ba ka izini wannan daban. John Eberhart da ya yi suna da wannan farauta, shi ma ɗan Mishigan ɗin ne, tun farkon shekarun 1980 yake rataye a bishiya, abin ba sabo ba ne, kayan ne kawai suka yi ta sauƙi.

Ni shawarata kar ka yi tsalle zuwa sanda ɗaya yanzu. Ka nemi gajerun sanduna uku, masu tsawon inci 17 zuwa 20, yanzu akwai waɗanda ba su wuce rabin kilo ba, sai ka sa wa ko wacce likkafa, wato ɗan tsanin maɗauri da ke lilo a ƙasanta, mai taki ɗaya ko biyu. Ta ƙasan ita za ka iya sa wa mai taki uku ma tunda kana kusa da ƙasa. Da wannan za ka kai wajen ƙafa 18 ba wahala in kana da ɗan tsayi, kuma ka zubar da fiye da rabin nauyin da kake ɗauka. In kuɗi ba su kai ba, naka ɗin ma ka ajiye ɗaya a gida, ka cire maɗaurin nan mai bakin ƙarfe ka sa igiyar Amsteel a madadinsa, nauyi ya ragu, ƙarar ma mafi yawanta daga wannan ƙarfen take fitowa. Sauran jikin sandar ka naɗe da tef ɗin zane irin na 'yan wasan hoki.

Amma likkafa tana da halinta, sai ka cusa kan takalminka ya dafe jikin bishiya kafin ka ɗora nauyi, in ba haka ba ƙafar ta zille gefe, musamman a bishiya mai karkata ko mai santsin ɓawo in an yi ruwa. Kuma saukowa a duhu ta fi hawa wuya don kana laluben takin da ƙafa ba ka ganinsa, shi ya sa mai tauri wadda bakinta ke zama a buɗe ta fi. Igiyar ƙugu kuwa, wadda ke riƙe ka da bishiya kana hawa, daga ƙafarka ta bar ƙasa tana zagaye da bishiya, a saman ƙugunka ba a ƙasa ba, in ka zo reshe ka ɗaura igiyar sama, wato wadda sirdin ke rataye da ita, tukuna kafin ka kwance ta. Yawancin masu faɗowa a wurin hawa da sauka da sauya wuri suke faɗowa, ba a zaune ba.

Ɗan Fadama:

Kawu ya faɗi gaskiya amma ni dai ina ɓangaren sanda ɗaya, tunda na koma ban sake waiwayar sanduna uku ba. Yadda abin yake ɗan'uwa, ka ɗaura sandar daidai kanka ko sama kaɗan, da likkafa mai taki biyu ko uku, ka hau har samanta, ka tura igiyar sama iya inda hannunka ya kai, ka zauna cikin sirdin ka saki jiki, ka sunkuya gefe ka ciro sandar daga ƙasanka ka sake ɗaura ta sama, ka kuma hawa. Ɗauri uku yawanci ka kai ƙafa 18 ko 20. Wanda ya sa wa sandarsa ɗan maƙalin nan na jirgin ruwa mai cije igiya, da hannu ɗaya ma yake cire ta. Daɗin abin ba ka da iyaka, in ka ga ganye ya fi rufe ka a ƙafa 25 sai ka ƙara ɗauri ɗaya, mai sanduna uku kuwa inda suka ƙare nan ya tsaya.

Saukowa kuma ita ce ta fi komai, igiya ƙafa 35 zuwa 40, ka silalo a hankali ka tsaya ka cire dandamali da sanda ka ci gaba, ba laluben taki a duhu. Sai ka ja siririn zaren da ka maƙala tun a sama igiyar ta faɗo. Kar dai ka manta da zaren nan kafin ka sauko, in ba haka ba igiya na sama kana ƙasa, sai ka sake hawa.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, in ka auna a sikeli bambancin nauyin bai kai yadda ake zuzutawa ba, don sanduna biyun da ka ajiye igiya da na'urar sauka da zare sun cinye kusan rabi. Ƙanƙantar kaya ce ribar, komai ya shige jaka, ka kutsa cikin sarƙaƙiya ba abin da ke kama ka.

Mai Yankan Bishiya:

Ni aikin sare rassa nake yi, farauta daga baya ta zo, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita a kan abin da Ɗan Fadama ya wuce da sauri. A hawan sanda ɗaya, lokacin da kake taka likkafa kana yin sama, igiyar sama tana saki, kafin ka kai kan sandar ƙullinta ya dawo daidai ƙugunka ko ma gwiwarka. To waɗannan igiyoyin da muke amfani da su ba sa miƙewa kamar na masu hawan dutse, an yi su ne don a rataya a jiki ba don su tare faɗuwa ba, sirdin ma haka. In sandar ta zille a daidai wannan lokacin, faɗuwar ƙafa 3 ko 4 kacal, duk ƙarfin a ƙugunka da ƙashin bayanka zai sauka, ko igiyar ba ta tsinke ba kai ka ji jiki. Maganinsa ko wane taki ɗaya ka tura igiyar sama ka janye sakin, kuma ka haɗa da igiyar ƙugu. Eh yana cin lokaci. A yi hakan.

Na biyu, wajen rage nauyi mutane na komawa igiya mai kaurin milimita 8 su bar na'urar riƙe igiya da suke da ita, alhali ko wace na'ura akwai kaurin da aka rubuta mata. Ropeman 1 daga 10 zuwa 13 ne, GriGri daga 8.5 zuwa 11. Ka karanta takardar kayanka kafin ka haɗa su. In ƙullin Prusik za ka yi, mai cije babbar igiya in nauyi ya hau shi, wanda ɗan Ostiriya Karl Prusik ya fito da shi a 1931 kuma har yau yana aiki, igiyar ƙullin ta fi babbar siranta, misali 6 a kan 8, sannan ka gwada ka ga yana cijewa. Ko da na'ura kake sauka ka sa irin wannan ƙulli a matsayin na ko-ta-kwana.

Amsteel da Kawu ya ambata tana da kyau wajen ɗaure sanda da yin likkafa, ƙarfinta ya wuce misali ga rashin nauyi, amma zarenta na narkewa in zafi ya kai wajen digiri 150 na Salshiyos, na foliyesta kuwa sai ya haura 250, ga santsi, ƙulli ba ya zama a jikinta sosai, saƙa bakinta ake yi. Kar ka kuskura ka silalo a kanta. Karabina kuma, wato maƙalin ƙarfe mai ƙofa da ake haɗa igiya da sirdi, ka duba lambar da ke jikinta, ta masu hawa tana ɗaukar kilonyutan 20 ko fiye a tsaye, wato wajen tan 2, amma in nauyi ya zo mata a gicciye 7 ne. Shi ya sa ba a shaƙe bishiya da karabina, gefenta zai danne a jikin itace, zoben ƙarfe mai murfin murɗawa ake sawa a nan, ko a zura igiyar cikin idonta kawai.

Hawa da igiya zalla da ka tambaya ita ce sana'armu, kuma a wurina ta fi duka aminci don kana rataye tun daga ƙasa ba saki ko kaɗan. Amma sai ka jefa zare mai 'yar jakar nauyi ya tsallake reshe mai ƙarfi, kuma yin wannan da asuba cikin duhu ba tare da ka tashi dajin ba aiki ne. Masu yi suna zuwa tun da rana su bar zare a bishiyoyin da suka zaɓa, sai ka duba ko dokar wurin ta yarda a bar kaya. Ka kuma lura da bishiyar ash a wajenku, ƙwaron nan kore da aka gano kusa da Ditroit a 2002 ya kashe su da yawa, wata tana tsaye ƙyam amma cikinta ya mutu, ka ɗaga kai ka duba samanta kafin ka ɗaura komai.

Sabon Maharbi:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar sakin igiya ban taɓa jin wanda ya warware ta haka ba. Zan bi ta Kawu bana, sanduna uku da likkafa. Tambaya ɗaya ta rage, zan iya hawa da sanduna ukun amma in sauko da igiya, ko haɗa biyun ɓata lokaci ne?

Kawu Mai Baka:

Sosai ma, da yawa haka suke yi, kana silalowa kana tsayawa kana cire sandunan ɗaya bayan ɗaya, ka huta da laluben likkafa a duhu, igiyar saukar ita ce kuma igiyar samanka don haka ba ka ƙara kaya mai yawa ba. In ka saba da saukar, komawa sanda ɗaya baɗi ba zai ba ka wuya ba. Ka fara gwadawa da rana ƙafa 3 daga ƙasa, da wani a kusa, kuma sanye da safar hannu da kayan sanyin da za ka shiga daji da su don suna canza yadda sirdin ke zama a jiki. Ka ajiye ɗan maɗauri a aljihun sirdi wanda za ka iya taka ƙafa a ciki in sanda ta faɗi ta bar ka a rataye, wayarka kuma a jikinka take zama ba cikin jakar da ka rataya a bishiya ba.