Wace kalma za mu ba "module" a darasin direbobin Linux?

Malam Lawali: Assalamu alaikum. Ina fassara darasi daga Faransanci domin ɗaliban gyaran kwamfuta a nan Maradi, kuma ranar Litinin za a buga shi. Darasin yana bayanin yadda direban na'ura a Linux, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, yake ware abin da ba kowace na'ura ke da shi ba, kamar fitilar katin Wi-Fi ko ma'aunin zafi. Lokacin haɗa ƙwayar tsarin, wato "kernel", zuciyar Linux, ana zaɓar y, m ko n, wato a gina abin a ciki, ko a ajiye shi gefe a fayil mai ƙarewa da .ko sai an buƙace shi, ko a bar shi ɗungurungum. Sunan na tsakiyar nan, wato "module", shi ne ya cije mini.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin "sashe" ya wadatar, ko kuwa "ƙari".

Habu: Hajiya, "sashe" bai raba y da m ba, tun da wanda aka gina a ciki ma sashe ne. "Ƙari" kuma zai ɓatar da ɗalibi, domin sau da yawa direban kansa gaba ɗaya a matsayin m yake zuwa.

Alhaji Sanusi: Kalmar tana gabanku, ita ce "goyo". Umarnin modprobe shi ne ɗaure zane, rmmod shi ne saukewa, uwa kuma, wato ƙwaya, tana harkokinta ko da goyo ko babu.

Habu: Baba, a yi mini haƙuri, amma goyon bai kai mu gida ba. Wani "module" yana dogara da wani, shi ya sa modprobe ke duba modules.dep, fayil ɗin da ke nuna wane ke dogara da wane, ya fara ɗora waɗanda ake buƙata. Babbar matsalar darasin kuwa ita ce direban da aka gina a ciki ya kira abin da aka ajiye gefe, haɗawa ta tsaya saboda ba a ga aikin da aka kira ba, kuma don irin wannan ne aka tanadi IS_REACHABLE, gwajin da ke duba ko mai kira zai iya kaiwa ga abin da yake kira. Yaya za mu ce uwa ta dogara da goyonta? Mu rubuta "mojul" kawai.

Alhaji Sanusi: Yaro, "mojul" bakin Kano ne da Ingilishinsu. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, in aro ya zama dole, "modul" muke cewa. Kuma har yaushe Hausar Katsinawan Maradi za ta zauna tana jiran abin da aka yanke a ƙetaren iyaka?

Hajiya Rabi: Alhaji, "kwamfuta" da "direba" ma daga can suka shigo, ba mu ji ka kore su ba.

Alhaji Sanusi: Da an shawarce ni, da "tafinta" aka ce maimakon "direba", domin aikinsa ke nan tsakanin ƙwaya da ƙarfe.

Malam Lawali: Na gode muku duka. Zan rubuta "modul", in bayyana shi a farkon ambato da "sashen da ake ɗorawa a sauke ba tare da an kashe kwamfuta ba". Aikatau biyun, ɗora da sauke, daga goyon Alhaji na ɗebo su. Maganar "tafinta" sai bugu na gaba.

Alhaji Sanusi: To, Allah ya ba da sa'a. Amma ni a ajina "goyo" zan ci gaba da cewa.